Gani Ya Kori Ji? Labarin Mazhabar da Ta Ce Sai Abin da Aka Gwada

  Yau a shirinmu na ilimi da faɗakarwa tafiyar tamu mai ɗan nisa ce: za mu leƙa Faransa da Jamus da Ostiriya, mu bi sawun wata mazhaba ta masu falsafa wadda da yawanmu ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali hannunta yana cikin littafin kimiyyar da 'ya'yanmu ke karantawa a sakandare, muryarta kuma tana bakin duk wanda ya taɓa ce maka, "Ni fa ban yarda da abin da ban gani ba." Turawa suna kiranta Fositibizim. Mu a shirin nan za mu riƙa ce mata mazhabar gani-ya-kori-ji. Ku gyara zama.

A shekarar 1835, wani malami a birnin Faris mai suna Auguste Comte ya so ya ba masu karanta littafinsa misalin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba. Sai ya zaɓi taurari. Ya ce muna iya nazarin siffarsu da nisansu da yadda suke tafiya, amma sinadaran da ke jikinsu, wannan ƙofa ce rufaffiya har abada. Idan ka duba, maganar tana da kan gado. Wa zai je can ya ɗebo ɓarɓashin tauraro ya kawo ɗakin gwaji? Ku riƙe wannan magana tukuna, za mu komo kanta.

An haifi Comte a garin Montpellier a 1798, shekara tara bayan juyin juya halin Faransa na 1789. Ya buɗe ido ya tarar da ƙasa a hargitse: an sare kan sarki, an yi yaƙe-yaƙen Napoleon, gwamnati ta zo ta tafi, wata ta zo. Abin da ya dame shi shi ne yadda mutane za su sake samun abin da suka haɗu a kansa. Ya duba masana taurari da masana lissafi ya ga su ba sa yaƙi a kan amsa. Idan sun saɓa, sai su koma su auna. Sai ya yi tunanin cewa da za a yi nazarin al'umma kamar yadda ake nazarin taurari, da rigima ta ƙare. Daga 1830 zuwa 1842 ya fitar da babban littafinsa a juzu'i shida, kuma a cikinsa ne ya raɗa wa ilimin nazarin zamantakewa sunan da jami'o'i ke kiransa da shi har yau, wato soshiyoloji.

Ginshiƙin tunaninsa shi ne cewa hankalin ɗan Adam yana hawa matakai uku. A mataki na farko, in ji shi, mutum yana jingina duk abin da ya faru ga alloli da iskoki. A na biyu, yana jingina shi ga wasu ɓoyayyun ƙarfafa da masu falsafa ke ambata ba tare da sun nuna su ba. A na uku, wanda yake ganin shi ne balaga, mutum yana daina tambayar "mene ne asalin dalili?", ya koma tambayar "ta yaya abin ke faruwa, kuma me ke biyo bayan me?" Ya lura, ya auna, ya fitar da doka, ya yi amfani da dokar ya hango abin da zai zo.

A nan almajiran ilimi a cikinku za su ji wani abu da suka saba da shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna wannan batu a littafinsa Tahafutul Falasifa da misalin wuta da auduga. Ya ce abin da idonka ya gani shi ne auduga ta ƙone a lokacin da wuta ta taɓa ta. Idonka bai ga wani tilas da ya ɗaure wannan da wancan ba. Shekara fiye da 600 bayan haka, David Hume na ƙasar Sikotland ya tsaya a kan wannan gaɓar. Mutum uku ke nan, matsala ɗaya, kowa da inda ya fita. Gazali ya ce Allah ne mai aikatawa. Hume ya ce sabo ne ke sa mu tsammanin ƙonewa. Comte kuwa ya ce a bar tambayar gaba ɗaya, a rubuta dokar ƙonewa a ci gaba da aiki.

Ina so in yi wa mutumin nan adalci, domin akwai alheri a cikin abin da ya kawo. Ya nace cewa wanda ya yi iƙirari game da duniyar nan da muke gani, to ya kawo abin da wani zai iya dubawa. Ya nace cewa talauci da laifi da mace-mace a cikin gari abubuwa ne da za a ƙirga, a bincika, a gano abin da ke tafiya da su, maimakon kowa ya faɗi son ransa. Duk ma'aikacin lafiya da ke cike rajistar yara masu ƙyanda a unguwa yana cin gajiyar irin wannan tunani, ko da bai taɓa jin sunan Comte ba.

Amma matakan nan uku ba su zauna daidai a kan tarihi ba. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira shekara kusan 1000 da suka wuce, ya yi gwaje-gwaje a kan haske a ɗaki mai duhu, ya rubuta littafi sukutum yana ƙalubalantar tsohon masanin taurari Batlimus, kuma Musulmi ne mai riƙe da addininsa. Isaac Newton ya yi rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa a kan addini. Gregor Mendel, wanda ya gano dokokin gadon halitta ta hanyar shuka wake, malamin coci ne. Waɗannan mutane ba su jira sun sauka daga mataki na farko kafin su hau na uku ba. Shi kansa Comte, bayan rasuwar wata mata da ya ƙaunata, Clotilde de Vaux, a 1846, ya ƙare da kafa abin da ya kira Addinin Bil'adama, da limamansa, da bukukuwansa, da kalanda mai wata 13 ɗauke da sunayen mutane irin su Aristotle da Gutenberg da Shakespeare. Masoyansa da dama, har da John Stuart Mill na Ingila, sun ja da baya a nan. Amma a Birazil tunaninsa ya kama hafsoshin soja da 'yan boko, har ta kai lokacin da suka kifar da sarauta a 1889, suka rubuta takensa a kan tutar ƙasa: tsari da ci gaba. Duk lokacin da kuka ga 'yan ƙwallon Birazil da tutarsu, rubutun nan da ke tsakiyarta daga Comte ya samo asali.

To, mu koma kan taurari.

Comte ya rasu a 1857. Shekara biyu kacal bayan haka, a garin Heidelberg na Jamus, wasu malamai biyu, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen, suna ƙona sinadarai suna bi da haskensu ta cikin gilashi mai kusurwa uku, irin wanda ke warware haske ya zama launukan bakan gizo. Uwargida, idan gishiri ya taɓa zubo miki a kan wutar gas, kin ga yadda harshen wutar ke komawa rawaya. Wannan rawayar ta sinadarin sodiyom ce da ke cikin gishiri. Abin da malaman nan suka tabbatar shi ne kowane sinadari yana da nasa layukan haske, a nasa gurbi, babu mai ɗaukar na wani. Tun 1814 wani mai gyaran gilashi, Joseph Fraunhofer, ya riga ya ga ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin hasken rana, ya zana su, ba tare da an san ma'anarsu ba. Kirchhoff ya jera layukan ɗakin gwaji kusa da na rana, sai ga na sodiyom sun faɗa daidai. Ashe ba sai an je an ɗebo ba. Hasken da kansa yake zuwa da labarin inda ya fito.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1868 aka ga wani layi rawaya a hasken rana wanda bai dace da kowane sinadari da aka sani ba. Aka sa masa suna hiliyom, kuma sai a 1895 William Ramsay ya same shi a nan doron ƙasa. Ku ji fa: an san shi a rana shekara 27 kafin a riƙe shi a kwalba. A 1925 wata matashiyar masaniya, Cecilia Payne, ta nuna cewa mafi yawan jikin taurari haidurojin ne da hiliyom. Kuskuren Comte ba na rashin ilimi ba ne. Ya auna iyakar sani da kayan aikin zamaninsa, ya ɗauka ita ce iyakar har abada.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan mazhabar gani-ya-kori-ji da yadda ta kaya tsakaninta da tarihin kimiyya.

Gwaji na biyu da mazhabar ta fuskanta ya fi na farko zafi, domin a kan ƙwayar zarra aka yi shi. A ƙarshen ƙarni na 19, Ernst Mach, babban masanin fiziya a Ostiriya, ya tsaya kai da fata cewa aikin kimiyya shi ne ta tsara abin da gaɓoɓin ji da gani suka kawo, ba ta ƙirƙiro abin da babu wanda ya gani ba. Saboda haka bai yarda a ɗauki ƙwayar zarra a matsayin abu na gaske ba. Abokin jayayyarsa, Ludwig Boltzmann, ya gina aikin rayuwarsa a kan cewa zafi da iska duk motsin waɗannan ƙwayoyi ne. An daɗe ana kai ruwa rana.

Abin da ya raba gardamar ƙarami ne ƙwarai. Tun 1827 wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya lura a madubin ƙara girma cewa 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashi a cikin ruwa ba sa tsayawa cak, kullum suna karkarwa. A 1905 Albert Einstein ya yi lissafi ya ce idan ƙwayoyin ruwa da ba a gani ne ke bugun ɓarɓashin, to ga nisan da ya kamata ya yi a cikin lokaci kaza. Daga 1908 Jean Perrin a Faris ya zauna da madubinsa yana bin ɓarɓashi ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, sai awon ya yi daidai da lissafin. Boltzmann bai ga wannan rana ba, ya mutu a 1906. Perrin ya karɓi lambar Nobel a 1926. Babu wanda ya ga ƙwayar zarra da ido a lokacin, amma hujja ta taru har ta fi ƙarfin musu. Duk da haka kada mu yi wa Mach butulci: Einstein da kansa ya shaida cewa nacin Mach na tambayar "ta yaya za ka auna wannan?" ya taimaka masa ya sake tunani a kan lokaci da sarari. Tambayar nan tana da amfani matuƙa. Ta zama cikas ne kawai lokacin da aka mai da ita katangar hana hasashe.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, mazhabar ta sake tashi da sabon ƙarfi a birnin Biyana. Wasu masana lissafi da fiziya da falsafa, irin su Moritz Schlick da Rudolf Carnap da Otto Neurath, suka riƙa zama ranar Alhamis suna tattaunawa, kuma a 1929 suka fitar da takardar manufarsu. Su sun wuce Comte tsanani. Suka ce magana ba ta da ma'ana ta ilimi sai in lissafi ce ko manɗiƙi, ko kuma akwai hanyar tabbatar da ita ta lura da gwaji. Abin da ya fita daga nan, a wurinsu, ba ƙarya ba ne ma. Surutu ne da bai kai a ce masa gaskiya ko ƙarya ba.

Kafin mu yi musu hukunci, mu tuna zamanin da suke ciki. Turai ta cika da masu hawa mumbari suna zuga jama'a da manyan kalmomi a kan jini da tsarkin ƙabila, kalmomin da babu mai iya dubawa. Mutanen nan sun so su ba talaka makamin da zai ce wa mai zuga, "Me kake nufi, kuma ta yaya za mu sani?" Sun kuwa ɗanɗana kuɗarsu. A watan Yunin 1936 wani tsohon ɗalibi ya harbe Schlick a matakalar jami'a. Zuwa 1938, lokacin da Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya, taron ya watse, da yawansu suna gudun hijira a Amurka da Ingila.

To amma dokar tasu tana da ɓaraka, kuma ba a daɗe ba aka gano. Ka ɗauki dokar da kanta: "abin da ba a iya tabbatarwa da gwaji ba shi da ma'ana." Da wane gwaji za ka tabbatar da ita? Babu. Ke nan ta faɗi a jarrabawar da ita ta shirya. Sannan ka ɗauki magana irin "zalunci mugun abu ne." Babu sikelin da zai auna ta. A. J. Ayer, wanda ya kai mazhabar Ingila da littafinsa na 1936, ya kai ga cewa irin wannan magana bayyana jin zuciya ne kawai. Ni kam ban yarda ba, kuma na tabbata marayan da aka cinye wa gado ba zai yarda ba. Ya san an zalunce shi, saninsa kuwa sani ne, ko da ba a ɗakin gwaji aka same shi ba. Ɓaraka ta uku ita ce ta fi ba su tsoro, don ta taɓa kimiyyar kanta: dokar da ta ce duk ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, wa ya gwada duk ƙarfen duniya, na jiya da na gobe?

A nan ne Karl Popper, shi ma ɗan Biyana, ya shigo da littafinsa na 1934. Ya ce kun riƙe abin a baibai. Gwaji dubu ba ya tabbatar da doka har abada, amma gwaji ɗaya ingantacce yana iya karya ta. Saboda haka alamar magana ta kimiyya ita ce ta faɗi abin da, idan ya faru, ta sha ƙasa. Ya kuma bambanta da mutanen Alhamis a wani muhimmin wuri: bai ce abin da ya fita daga kimiyya ba shi da ma'ana ba, ya ce dai ba kimiyya ba ne.

Misalin da ya burge shi ya faru ne kusa da mu. Einstein ya ce hasken tauraro zai lanƙwashe idan ya gifta ta gefen rana, ya kuma faɗi gwargwadon lanƙwasar. Ranar 29 ga Mayun 1919 aka yi husufin rana, Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa a tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, wata tawagar kuma tana Sobral a Birazil. Da hotunan sun nuna babu lanƙwasa, da ka'idar Einstein ta shiga uku. Ya sa wuyansa a kan abin da zai iya ƙaryata shi, kuma a watan Nuwamba aka sanar a Landan cewa awon ya goyi bayansa.

Yanzu ku kawo wannan ma'auni tashar mota. Mai lasifika yana tallar kwalba ɗaya, yana cewa tana maganin taifot da basir da sanyi da ciwon suga da hawan jini. Idan ka warke, aikin magani ne. Idan ba ka warke ba, ka karya ƙa'idar sha, ko cutar ta daɗe, sai ka ƙara kwalba. Babu sakamakon da zai sa ya ce maganinsa bai yi ba. Wannan ita ce maganar da Popper ya ce a yi hattara da ita, kuma haka saƙonnin lafiya da ake turo mana a WhatsApp. Ba ina raina maganin gargajiya ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti, asalinsa ganye ne da Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin suka samo haskensa a tsofaffin littattafan magani, suka tace sinadarinsa a farkon shekarun 1970, aka gwada shi gwajin da zai iya kunyata shi, ya tsallake. Ta karɓi lambar Nobel a 2015. Ganyen ya yarda a gwada shi. Kwalbar tasha ce ba ta yarda ba. Don Allah mai ciwon suga, kada ka ajiye maganin likita saboda lasifika.

Shi ma Popper tarihi bai bar shi haka ba. Thomas Kuhn, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa masana ba sa jefar da babbar ka'ida don awo ɗaya ya saɓa mata, kuma sau da yawa suna da gaskiya. Ga misali. A ƙarni na 19 aka ga duniyar Yuranos tana kaucewa daga hanyar da lissafin Newton ya shata mata. Urbain Le Verrier na Faransa bai ce Newton ya faɗi ba. Ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana janta, ya lissafa inda take, ya aika wasiƙa Barlin. A watan Satumbar 1846, a daren da wasiƙar ta isa, Johann Galle ya juya madubin hangen nesa wurin, sai ga duniyar Naftun. Alƙalami ya riga ido ganinta.

A 1859 Le Verrier ɗin nan ya ga ita ma Makyuri, duniyar da ta fi kusa da rana, tana da 'yar kaucewa. Ya sake bin hanyar da ta ba shi nasara, ya ce akwai wata ɓoyayyiya a kusa da rana, har aka sa mata suna Balkan. Masana suka shekara da shekaru suna nemanta, musamman a lokutan husufi, ba su same ta ba, domin babu ita. Mutum ɗaya, dabara ɗaya, hankali ɗaya: karon farko ka'idar ce ke da gaskiya, karo na biyu ka'idar ce ke buƙatar gyara, kuma babu wata doka rubutacciya, ta Comte ko ta mutanen Biyana ko ta Popper, da za ta iya gaya masa tun farko wanne ne wanne. Sai a watan Nuwambar 1915 Einstein ya yi lissafi da sabuwar ka'idarsa ta jan nauyi, kaucewar Makyuri ta fito daidai ba tare da an ƙara wata duniya ba.

Jama'a, lokaci ya cim mana, a nan za mu dasa aya.